Matan Kance ba Turai suka nufa ba

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 cikin hamada, arewa da garin Arlit na Nijar, dab da iyakar Aljeriya. Yara 52, mata 33, maza 7 kacal. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Akasarinsu daga yankin Kance suka fito, a jihar Damagaram, ba nisa da Daura. Allah Ya jiƙan su da rahama.

Tun daga lokacin zancen ƙaura bai bar bakin malaman jami'a ba, a Yamai ne ko a Kano. Ina murna da hakan, domin aikin jami'a ke nan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sau da yawa tambayar da ake amsawa a waɗannan tarurruka ba tamu ba ce.

Na zauna a wani taron ƙara wa juna sani inda mai maƙala ya haska taswira a bango. Kibiyoyi jajaye sun taso daga Agadas, sun ratsa Libiya, duk sun ƙare a gaɓar Italiya. Aka tafa. To amma matan Kance ba teku suka nufa ba. Tamanrasset suke zuwa da sauran garuruwan Aljeriya, su yi bara da yara ko aikatau, su tara abin da ya samu su dawo gida. A taswirar nan ba su da kibiya ko ɗaya, saboda tafiyarsu ba ta hana kowa barci a Turai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar bakin haure, kuma a Nuwamban shekarar aka yi taron Valletta a ƙasar Malta inda Tarayyar Turai ta buɗe asusun daƙile ƙaura. Aka kama direbobi a Agadas, aka ƙwace motoci, masu tafiya suka koma bin hanyoyin da babu rijiya. Kuɗin bincike ma ta wannan ƙofa da yawansa ya shigo, kuma wanda ya biya kuɗin mota shi ke faɗin inda za a tsaya. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023, amma salon tambayar yana nan daram.

Idan aka zo batun mata kuwa, nan zaure ke rabewa biyu. Wasu da jin an ce jinsi sai su ce ajandar Turawa ce, su toshe kunne. Wasu kuma su maimaita abin da ke cikin takardar masu ba da tallafi kalma da kalma. A tsakaninsu sai a bar tambayoyin da kowace tsohuwa a Matamaye, can yankin Kance, ta san nauyinsu. Gonar da aka yi ta rabawa a gado har ta kasa ciyar da gida wata huɗu, ina mafita? Mijin da Musulunci ya ɗora wa ciyarwa, yana ina lokacin da matarsa ta hau mota? Shi ya ba ta izini, ko ma shi ya ranto kuɗin? Yaran da ake ɗauka, duk nata ne ko har da na aro? Kuɗin da ta dawo da su, hatsi aka saya ko kayan ɗaki da gudummawar biki suka cinye? Waɗannan tambayoyi na masanin tattalin arziki ne, na malamin fiƙihu ne, na ita matar ce kafin kowa. Ba kasafai ake haɗa su ukun a wuri ɗaya ba.

Kuma don Allah a daina fara tarihin tafiyarmu daga 2015. Fatakenmu sun yi ƙarnoni suna zuwa Gwanja sayen goro. Bayan yaƙin Burmi da Turawan Ingila a 1903, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ja jama'a har Sudan, garin Mai Wurno yana nan a bakin Kogin Nilu. Cin rani kuwa kowa ya san shi a gidansu. Ɗalibin da bai san wannan ba zai ɗauka duk mai tafiya mai laifi ne.

Da Hausa aka yi hira da matan nan, aka rubuta da Faransanci ko Ingilishi, aka buga a mujallun da ba sa zuwa ƙauyukansu. Ina roƙon malamanmu na Jami'ar André Salifou ta Damagaram da na Jami'ar Bayero su haɗa kai su kai zama guda Matamaye, a yi shi da Hausa, a sa a gidan rediyo, a ba waɗanda aka koro daga Aljeriya makirfo su yi magana da bakinsu. Suna da yawa, domin har yanzu ana sauke mutane a kan iyaka su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin su isa garin Asamaka na Nijar.