Ranar da Na Babbake Wandon Manomi a Donigal

Na yi shekaru ina taka keken ɗinki, don haka da wani tsohon tela a wani ƙauye na yankin Donigal, a ƙasar Ayilan, ya ce in zo in kama masa aiki, na shiga da gadara. Ashe aikinsu a kan tebur ake yi. Hawa za ka yi ka harɗe ƙafa kusa da taga, yadin na kan cinyarka, don ulu nauyi gare shi, in ya rataya zai ja ɗinkin ya karkace.

Ya miƙo min zoben ƙarfe na yatsa, samansa a buɗe. Na ce, "Baba, wannan ai ya huje." Ya ce haka aka ƙera shi, da gefen yatsan tsakiya ake tura allura. Na tura da kan yatsa yadda na saba, gindin allurar ya shige nama. Zaren ma sai an ja shi ta cikin kakin zuma, in ba haka ba ya yi ta ƙullewa.

Dutsen gugarsu shi ya gama da ni. Sunan tsuntsuwar nan dinya suke kiransa da shi, wai mariƙinsa ya yi kama da wuyanta. Zallan ƙarfe ne, ba wurin zuba gawayi, na tsohon ya kai kilo 8. Ana cusa shi cikin garwashin busasshiyar ƙasar fadama da suke ƙonawa maimakon itace. In ka ciro, ka goge tokar, ka kara shi kusa da kunci ka ji zafinsa, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a kan yadin, sannan ka danna ka ɗaga. Tururi ne ke kwantar da ɗinki, ba a jan dutsen kamar ana gugar shadda.

Duk na haddace. Sai dai zaman awa uku ya sa ƙafata ta sage, ina dirowa da dutsen a hannu ta ƙi ɗaukata. Na dire shi a wuri mafi kusa, wato mazaunin wandon wani manomi, ba ƙyalle ba komai. Ɗakin ya gauraye da ƙauri kamar ana babbakar kan rago ranar Sallah.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya ɗauki almakashi ya yanke ƙonannen wurin, ya ninka huɗu ya miƙo min, ya ce daga yau da shi zan riƙa riƙe mariƙin. Kuɗin yadin kuwa daga ladana aka cire.