'Yan mazan jiya, to ina matan jiyan?

An sake yin bikin 15 ga Janairu kamar yadda aka saba, an ajiye furanni a Abuja, an saki fararen tantabaru, kowa ya yi jawabinsa kan 'yan mazan jiya. Ni dai abin da ya tsaya min a wuya shi ne abin da na gani a Facebook bayan nan, wani ya saka hoton wata sojar mace cikin kaki tana fareti, sai ga jama'armu sun yi mata caa a ƙasan hoton, wai soja ba aikin mace ba ne, wai ba al'adarmu ba ce, wai Turawa ne suka kawo mana wannan. Haba jama'a.

Wace al'adar ake nufi? Mu ne fa muke tinƙaho da Sarauniya Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku, mu ne muke nuna wa baƙi ganuwa mu ce ganuwar Amina ce, mun sa sunanta a makarantar 'yan mata ta Kakuri a Kaduna, mun sa a ɗakin kwanan ɗalibai mata a ABU Zariya. Ana kiranta 'yar Nikatau (mahaifinta kenan), mace mai kamar maza, kuma ba don iya tuƙa tuwo aka yi mata wannan kirarin ba. Tsallaka Nijar ma, a 1899 da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta taso tana ƙona garuruwa, sarakuna da yawa sun ba da hanya, Sarauniya Mangu ta Lugu ce ta tsaya ta yi artabu da su. Kenan macen da ta mutu shekaru ɗaruruwa muna yi mata kirari, mai rai kuma da ta ɗauki bindiga don tsare ƙauyenmu sai mu ce 'yar iska ce.

Masu kawo hujjar addini kuma, su fara karanta abin da Nusaiba bint Ka'ab ta yi ranar Uhudu, da tantin Rufaida inda ake jinyar waɗanda suka ji rauni, sannan mu zauna.

Ga ma inda abin ya fi ba ni haushi. Tun 2014 Boko Haram ta fara ɗaura wa 'yan mata bam tana tura su kasuwa da tasha. To a shingen bincike na Maiduguri wa zai caje mace mai hijabi? Namiji? Wallahi mutumin da ke zagin sojar mace a Facebook shi ne zai fara tada jijiyar wuya idan soja namiji ya taɓa matarsa ko ƙanwarsa. Matan Civilian JTF, wato 'yan sa-kai masu taimaka wa sojoji, su ne suka riƙa yin wannan aikin, da ransu a hannu, ba wanda ya tambaye su ko al'ada ta yarda. A Adamawa kuma Aisha Bakari Gombi ta riƙa jagorantar maharba maza zuwa daji farautar 'yan ta'adda, mazan nan ba su ce ƙasa ta tsage ba.

Su ma hukumomin sojan ba wanke su nake ba. Aderonke Kale ta zama Manjo Janar tun 1994, amma ta ɓangaren likitoci, sai 2011 makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin da ke kai mutum ga jagorancin runduna a fagen daga, kuma a 2017 har aka ji raɗe-raɗin za a rufe musu ƙofar, sai da aka yi ta surutu hedikwatar tsaro ta fito ta musanta. Blessing Liman, 'yar kudancin Kaduna, ita ce mace ta farko da ta tuƙa jirgin sojan sama a ƙasar nan. Tolulope Arotile ta yi ta luguden wuta kan 'yan bindiga da helikwafta kafin ta rasu a Kaduna a watan Yulin 2020, tana da shekara 24. Yara nawa ne a makarantunmu suka san sunayen nan?

A saka su a darasin tarihi mana, a gyara masaukin mata a bariki yadda uba zai saki jiki ya bar 'yarsa ta cike fom. Gwamnonin Arewa kuma da ke kukan ba a cike gurbin jihohinsu lokacin ɗaukar soja, su dubi yawan 'yan matan da suka gama sakandare suna zaune a gida.