Koyon sana'a ba na wanda boko ya gagara ba ne kawai

Wallahi maganar nan tana damuna, wai ba a kai yaro koyon sana'ar hannu sai in ya kasa karatu. Na fahimci iyaye, tsoro suke kada son kuɗi ya ɗauke masa hankali daga makaranta. Amma ba haka abin yake ba in an tsara lokaci.

Ku duba ɗan sakandare da ke zuwa wajen mai walda a Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, duk Asabar, kafin ya yanka ƙarfe sai ya auna da tef ya raba inci, lissafin aji ne yake yi da hannunsa, ga oga na sa masa ido yana gyara masa, in ya ƙware kuma shi ake ba ƙanana ya koya musu. Hukumar NBTE ma, mai kula da ilimin fasaha da sana'o'i ta ƙasa, da hedkwatarta ke nan Kaduna ta tsara matakan shaidar ƙwarewa ga masu irin wannan aikin.