Ayilan 'yar ba-ruwanmu ce, amma tana tura soja

Wasu sun ɗauka ƙasa 'yar ba-ruwanmu ba ta tura soja waje. Ba haka ba ne. Ƙasar Ayilan da ke Turai ba ta cikin ƙawancen soja na NATO, amma tun 1958 sojojinta ke aikin kiyaye zaman lafiya. Sun daɗe a kudancin Lebanon, har Goz Beida ta Chadi sun yi sansani a 2008. Ƙawancen soja kawai take gudu.

Ƙa'idar da ta daɗe a kai ita ce makulli uku: soja fiye da 12 ba sa tafiya sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince, gwamnati ta yarda, majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'a. Na farkon ne mai ƙura, tunda Rasha ko Amurka na iya hawa kujerar na-ƙi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi ya sa a 2025 gwamnatin Ayilan ta nemi cire wannan makulli na farko.