Don ba a kira sunana ba na yi fushi a majami'a

'Yan'uwa cikin Kristi, barkanmu da war haka. Abin da ya faru da ni ranar Lahadi ne ya hana ni sukuni, na ce bari in faɗa ko wani zai tsira daga abin da na faɗa ciki.

An yi tara kuɗi na rufin majami'armu a nan Katsina, na bada dubu 20, mai sanarwa ya riƙe makirfo yana kiran sunaye ana tafi ana guɗa, sai ya tsallake nawa. Gaskiya tun daga nan ban ƙara jin wa'azi ba, ina zaune ina ta cika ina batsewa, har waƙar rufewa ban buɗe baki ba.

Da aka tashi sai na ga wata tsohuwa 'yar zumuntar mata, mutuniyar wajen Malumfashi ce, ta ɗauko kular abinci tana neman mai keke napep. Na ce Mama ina zuwa da ranar nan? Ta ce asibiti. Ashe wata yarinya ce take jinya sati uku kenan, ba 'yarta ba ba jikarta ba, akuyarta guda ɗaya ta sayar aka sayi magani, a tabarma take kwana a bakin gado. Da na fara yaba mata sai ta kama hannuna ta ce ɗana rufa mini asiri, Ubangiji ya gani ai. Shi ya sa ba za ku ji sunanta a bakina ba.

Kunya ta rufe ni. Ni dubu 20 ɗin da ko a jikina ban ji ba nake wa fushi!

Ku duba Yohanna 12. Yesu ya ce lokaci ya yi da za a ɗaukaka Ɗan Mutum, kuma ba ranar da ya ciyar da mutum dubu biyar ya faɗi haka ba, ranar ma da suka so naɗa shi sarki tsaunin ya koma shi kaɗai. Sai da gicciye ya matso sannan ya kira shi ɗaukaka, ya kawo misalin ƙwayar alkama da in ba ta faɗi ƙasa ta mutu ba ita kaɗai za ta zauna. Mu da muka tashi cikin noman gero wa zai koya mana wannan? Irin da ka ƙi binnewa da damina, a rumbu zai ƙare, ƙwari su cinye.

Amma mu fa? Kujerar gaba muke so. A zaɓe mu dattawan ikkilisiya, in ba a zaɓe mu ba mu ɗauke ƙafa. 'Yan kwaya, mawaƙan majami'a, ana gaba a kan wa zai riƙe makirfo. Mutum ya kai wa gwauruwa mudun masara biyu sai an ɗauki hoto an sa a Facebook, ita tana sunkuyar da kai shi yana murmushi. Haba jama'a! Ba mu muke karanta cewa kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi ba? Yakubu da Yohanna ma sun roƙi zama dama da hagunsa cikin ɗaukakarsa, ya tambaye su ko za su iya shan ƙoƙon da zai sha. Ranar Juma'ar da aka gicciye shi a Golgota 'yan fashi biyu ne a damansa da hagunsa.

Ba faɗa nake muku ba, ni ne na farko a laifin. Don Allah mu daina. Satin nan ka nemi wani da ba zai iya rama maka ba ka yi masa abin da za ka ji a jikinka, kada ka gaya wa kowa, ko fasto. Don Allah 'yan'uwa, mu daina. Ku sa yarinyar nan a addu'a, har yanzu ba a sallame ta ba, ni ma ku sa ni.