Haddar buɗe wasa tana cutar da yaranmu a ces

Ranar Asabar na raka yara shida daga ƙauyenmu na ƙasar Ringim zuwa Dutse, don karawa da wani kulob na ces, wato darar Turawa. Wasa ɗaya tak muka ci. Amma yadda aka ci mu ɗin ne ya hana ni barci.

Yaron da na fi ji da shi, wanda babu mai ja da shi a gindin darbejiyar makarantarmu, ya ɗana tarkon nan na taku huɗu: soja e4, bishof c4, sarauniya h5 (harafi da lamba sunan gida ne a kan allon ces), da nufin kashe wasa ta f7, gidan da sarki kaɗai ke gadi. Abokin karawarsa ko ɗagowa bai yi ba. Ya tura soja g6, sarauniya ta koma f3, ya tare mata hanya da doki a f6. Daga nan aka yi ta korar sarauniyar, dawakan yarona biyu suna gida ko motsi ba su yi ba. Ina kallon hannunsa yana rawa.

Ban ga laifinsa ba, laifinmu ne masu koyarwa. Mun bar su suna haddace bidiyo a shagon mai caji. Za su jero maka sunayen salon buɗe wasa, su ambata maka Sisiliyan, su ambata maka Ruy Lopez, sunan limamin cocin nan na Sifaniya da ya yi littafi a kan ces a 1561. Tambayi dalilin kai bishof b5 a salon Ruy Lopez ɗin, sai ka ji tsit. Alhali dokin abokin karawa da ke gadin sojan e5 ake takura wa, shi ke nan.

Ku je ku tsaya kan dattawanmu masu dara bayan la'asar. Gurbi 30, 'ya'ya 12 kowa, babu wanda ya haddace komai. Ka ce, "Baba, me ya sa ka dasa a nan?" Zai nuna maka da kara inda yake shirin jera uku, da hanyar da ya toshe wa abokinsa. Wallahi wannan tunanin muke nema.

Ni dai na hana tarko a wurina har wata uku. A kama tsakiya, a fito da dawakai da bishof, a ɓoye sarki, sannan a taɓa sarauniya. Jiya na sayo littattafan rubutu shida a kasuwa. Kowane yaro zai riƙa rubuta wasansa taku bayan taku, in an tashi ya faɗa min dalilin goman farko.