Ba Fasaha Kaɗai Ta Kawo Wayar Salula Najeriya Ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wayar salula ta bazu a Najeriya ne kawai domin fasahar ta iso, kuma babu abin da hukuma ta yi illa ta kauce daga hanya. Wannan fahimta ba daidai ba ce.

Tsarin wayar salula na GSM ya fara aiki a Turai tun 1991, amma sai da aka shafe shekara goma kafin ya shigo nan, alhali layukan da NITEL, kamfanin tarho na gwamnati a lokacin, ke da su a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Abin da ya sauya shi ne manufar gwamnati. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisi a bainar jama'a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma saboda an ga ƙa'idar a fili, kamfanonin MTN da Econet suka yarda su zuba jari mai yawa.

Gasar ma doka ce ta tsare ta. Da ba a wajabta wa kamfanoni su haɗa layukansu da na juna ba, da babba ya toshe wa ƙarami hanya, domin ba wanda zai sayi layin da ba ya kiran kowa. Lasisin da aka ba kamfanin Globacom ne ya kawo cajin kira da sakan a 2003, sauran kamfanonin kuwa dole suka bi sahu. A 2013 kuma NCC ta ba mai waya damar sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba.